Furar Cikin Akwatin Batir

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Wauta kuwa mu muka je da ƙafarmu muka ɗauko abarmu.

Sunana Kulu, haifaffiyar Jega, aure ya kai ni Jiga Birni. Abin da zan rubuta jinyar maigidana ce, Malam Umaru, manomin albasa, wadda muka yi shekara ta biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato. Ya rayu, alhamdu lillahi. Abin da muka yi wata da watanni muna kokawa a kansa hannunsa na dama ne. Na rubuta ne don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma don har yau akwai masu ba da labarin nan a karkace a majalisa, alhali ni ce na wanke kwanon amai.

Maigidana yana da wa, Alhaji Bawa, dillalin albasa mai bin manyan motoci zuwa Anaca. Tun ranar da ya ga gadar Anaca da idonsa, babu sauran abin da bai sani ba a duniya. In akuya ta yi tari ya san dalili. In rediyo ya ɗauke ya san dalili. Mace ta yi ɓari ma sai ya yi bayani, shi da ko ɗakin haihuwa bai taɓa leƙawa ba. Yaya Alhaji nake ce masa, in durƙusa in gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida, in na tashi in yi tsakina a zuci.

Lokacin dashen albasa ya kawo wa Malam tsaraba: akwatin tsohon batir na babbar mota. An fasa samansa, an zare faifan dalmar da ke ciki an sayar wa masunta masu narka ta su yi nauyin birgi, ragarsu ta kamun kifi, saura baƙin akwati mai kauri da ramuka shida a jere. Ya ce firjin talaka ke nan. A binne shi rabi cikin danshin fadama a gindin mangwaro, rami ɗaya fura, ɗaya nono, ɗaya ruwa, har la'asar abin sha na nan da sanyinsa. Wai haka direbobi ke yi.

Ni aka ba wanki. Na dirje shi da yashi da toka har sau uku. A gindin kowane rami akwai wani farin abu mai ɗan toka-toka, ya daskare a lungu kamar ƙanzo, ya ƙi fita. Na ce, "Yaya Alhaji, hwarin abin ga ya ƙi tashi."

Ya yi dariyar nan tasa ta wanda ya je kudu. "Ke dai ba ni moɗa da ruwa."

Ya kankaro abin da bakin wuƙa ya zuba cikin ruwan, ya motsa. Garin ya yi ta yawo, can ya koma ƙasa ya kwanta, ruwan ya tsaya garau a kansa. Ya kurɓi na sama ya haɗiye a gabanmu.

"Kun gani? Abin da ruwa bai iya narkar da shi ba, mi za shi yi ma mutum? Ƙasa ta. Ku mata komi kunka gani sai tsoro."

Malam ya yi murmushi, ni na ji kunya, aka ɗauki akwati aka kai fadama. Wata uku cur, kullum da safe in dama fura da nono mai tsami in ba shi a ƙwarya, ya je ya juye cikin ramin, ya wuni yana ban ruwa yana kurɓa. Da yamma ya ɗauraye da ruwan rijiya. Har yabon abin yake yi, wai furar ciki ta fi gardi.

Makon farko na ciwon ban ma san ciwo ne ba. Ya ture tuwo ya ce, "Kulu, mi kis sa ga miyag ga? Bakina awa na lashi makulli." Na ɗanɗana, miya lafiya lau. Kwana uku bai zaga ba. Mutumin da shekara goma sha ɗaya ban ji ya ɗaga murya ba, ya daka wa 'yarmu Nana tsawa don ta zubar da gishiri, har yarinyar ta yi fitsari a tsaye. Na ɗauka zafin aiki ne.

Mako na biyu ciki ya murɗa. Ban taɓa ganin namiji ya yi birgima a tabarma yana cizon matashi ba sai ranar. Ya kan ce in danna masa cibiya da ƙarfi, in na danna ya ɗan ji sauƙi. Yaya Alhaji ya zo ya tsaya a kansa, hannu a aljihu, ya ce taifot ce, ita ake yayi. Ya kawo wani mai kemis daga bakin tasha, saurayi mai farar riga da biro uku a aljihu, wanda iyakar karatunsa na likita shi ne ya taɓa share shagon wani mai kemis ɗin. Bai tambayi komai ba. Ya yi wa Malam allura shida cikin kwana uku, ya karɓi tunkiyata a bakin aikinsa, ya bar mu da ƙurji a ɗuwawu a kan ciwon ciki.

Mako na uku Gwaggo Tumba ta iso daga Giwa Tazo. Ƙanwar mahaifin Malam ce, ita ta goye shi, kuma tana son sa tsakani da Allah, wannan ba zan ɓoye ba. Amma irin tsofaffin nan ce da in sun shigo gidan mara lafiya sai matar gida ta koma baƙuwa. Ta dubi idonsa, ta matsa cikinsa, ta juyo kaina.

"Ke ɗiyar birni, haka kika jinya? Wanga ba ciwon allura na ba. Ciki na yaɗ ɗaure. Tsamiya da ganyen hilasko, a jiƙa su kwana, shi sha sahe da marece. Amma da sharaɗi: kowa bai taɓa mashi, ko ɗanɗane. In wani yas sha, magani ya karye."

Na ɗauko tukunya zan jiƙa. Malam daga kwance ya ce a aika fadama a ɗauko masa akwatinsa, jiƙon zai fi sanyi a ciki, shi yanzu ba ya iya haɗiye abu mai ɗumi. Aka ɗauko. Da hannuna na cika rami biyu da tsamiya, na zuba ruwa, na rufe da faifai. Kwana goma sha biyu ina jiƙawa ina tacewa ina ba shi, in ya yamutsa fuska in lallashe shi kamar yaro, in ce daure ka shanye. In akwai wanda na fi rainawa a labarin nan, matar nan ce mai riƙe da moɗa tana cewa daure ka shanye.

Cikin ya saki kwana biyu, Gwaggo ta yi ta guɗa. Daga nan ya sake ɗaurewa fiye da da. Malam ya yi fari fat, leɓɓansa suka koɗe, in ya miƙe sai jiri ya kwashe shi.

Azumi ya kama a mako na biyar. Ran uku ga wata da azahar ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya ɗaga hannun yana kallo. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ya lanƙwashe ƙasa, yana reto kamar ganyen albasar da ta kwana biyu ba ruwa. Yana iya damƙe abu kaɗan, amma ya ɗaga tafin sama, ina. Na hagu ma ya fara nauyi, sai dai bai kai na dama ba.

Ya ce, "Kulu, hannuna ya ƙi jin magana."

Wanda bai zauna da namiji mai mataccen hannun dama ba bai san abin da ke cikinsa ba. Noma ma a ajiye shi gefe. Da me zai ci tuwo? Da me zai gaisa? A unguwarmu magidanta a ƙofar gida suke cin abinci tare, kowa ya fito da kwanonsa. Malam ya daina fita. Ya ce ba zai sa hannun tsarki cikin kwanon mutane ba, ba kuma zai zauna ana ba shi a baki a gaban sa'o'insa ba. Sai in turo ƙofa in zauna in ba shi, yana ci yana kallon bango. In baƙo ya yi sallama ya ce in ce yana barci.

Gidan kuwa ya cika da masana. Kowa ya zo dubiya da ƙullin magani da tarihin wani mai irin ciwon da ya warke. Wannan ya ce shan inna ne. Wancan ya ce ya taka sawun iska a fadama da tsakar rana. Wata ta ce a shafa kitsen damo, wata ta ce a'a, na jimina, sai ka ce jimina a bayan gidanmu take kiwo. Aka turara shi da hayaƙi har sai da ya yi amai. Yaya Alhaji, da ya ga taifot ɗinsa ba ta karɓu ba, ya sauya: targaɗe ne, ya yi shi wajen ja wa injin ban ruwa igiya. Mu kai shi Aliero wurin masu ɗori.

Muka je. A zauren mai ɗorin akwai mutane daga ko'ina, wasu ko Hausa ba sa ji, kowa da ƙafa ko hannu cikin karare. Da layi ya zo kanmu, dattijon ya kama hannun Malam ya bi shi da yatsa tun daga kafaɗa har farce, a hankali. Ya sa shi ya miƙe yatsu, suka ƙi. Ya duba na hagun. Sannan ya saki.

"Ƙashi nai lahiya lau. Ba karaya, ba gocewa, ba targaɗe. Ni ƙashi nika ɗorawa. Wanga jijiya ta tak kwanta, kuma hannu biyu ba su targaɗe rana guda. Ku kai shi asibiti, kak ku tsaya ko'ina."

Yaya Alhaji ya ce, "Baba, ko dai a ɗan ɗaure a gani?"

"In ɗaure mi? Alhaji, albasa kaka saye ko ɗori?"

Ko goro bai karɓa ba. A duk makonnin nan shi ne mutum na farko da ya ce abu ya fi ƙarfin saninsa, kuma har gobe ina sa shi cikin addu'a.

Kada ku ɗauka mun wuce asibiti. A hanyar komawa Yaya Alhaji ya gano cewa tunda ba ƙashi ba ne, to sammu ne. Har ya san wanda ya yi: maƙwabcin Malam a fadama, wanda suka taɓa sa-in-sa a kan hanyar ruwa shekara huɗu da suka wuce. Mutumin nan kuwa tun da Malam ya kwanta shi ke ba albasarmu ruwa kafin ya ba tasa. Muka ƙara kwana takwas ana haƙa a kusurwar gona ana neman layar da aka binne. An samo tsohon takalmi da ƙashin jaki.

Ranar da na gaji, na ɗaura gyale na tsaya a tsakar gida na ce ko da mota ko da amalanke yau sai asibiti. Gwaggo ta ce, "Kin ji ɗiyar boko." Na ce na ji. Aji uku na sakandare na yi, ban san zai zama abin gori ba.

Asibitin farko ba zan faɗi sunansa ba. Mun isa da hantsi, muka yanki kati, muka zauna a benci da azumi a bakina har rana ta karkata. Mai kiran suna yana tsallake mu yana shigar da masu gaishe shi da hannu a dunƙule. Da muka shiga, wanda ke kan kujera bai ɗago kai ba. "Ciwon ciki? Olsa ce. Azumi ne." Na ce ba ya azumi, ga kuma hannunsa. Ya ce hannun ya kwanta a kansa ne. Ya rubuta farin magani na kwalba. Duka-duka ba mu yi minti uku ba, ƙudan da ke kan teburinsa ma ya fi mu samun kulawa.

Kwana huɗu bayan nan, da walaha, Malam yana zaune sai ya kafe, idanu suka juye, jiki ya hau karkarwa. Da ya farfaɗo bai san ni ba na ɗan lokaci, yana kirana da sunan mahaifiyarsa. Ranar Yaya Alhaji bai yi bayanin komai ba. Ya fita da gudu ya samo mota, muka wuce babban asibiti na birni.

A can Allah ya haɗa mu da Dakta Bitrus. Kirista ne, baƙo a ƙasarmu, gajere mai tabarau, Hausarsa irin ta barikin soja. Ya sa Malam ya miƙa hannuwa gaba, suka faɗi. Ya danna ciki. Sai ya yi abin da babu wanda ya yi cikin mako bakwai: ya ɗaga leɓen Malam ya haska tocila. Ya kira ni.

"Uwargida, zo ki gani."

A dasashi, daidai inda ya haɗu da haƙora, akwai wani siririn zane shuɗi-baƙi, kamar an ja da fensir. Ni da nake ba shi abinci a baki kullum ban taɓa lura ba.

"Mijinki yana gyaran batir?"

Na ce a'a.

"Fenti? Walda? Yana narka dalma? Yana shan wani magani mai kwalli a ciki?"

"Manomin albasa na, likita."

Ya cire tabarau ya zauna. "To gaya mini abin da yake ci da abin da yake sha. Da kuma cikin abin da yake sha."

Na fara lissafi: tuwo, kunu, fura. Da na zo kan akwatin, muryata ta yi ƙasa da kanta. Ya bar rubutu. Na faɗi wata ukun fadama, na faɗi tsamiyar kwana goma sha biyu. Yaya Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Likita, an wanke shi sarai. Ni da kaina nig gwada, abin ko narkewa ba ya yi ga ruwa."

Likitan ya dube shi tun daga hula har takalmi. Abin da ya faɗa na riƙe shi kamar karatun allo.

Ya ce ruwan batir da dalma in sun daɗe tare suna haifar da wani farin gishiri, shi ne ke kwanciya a gindin akwati. Gishirin dalma. Gaskiya ne ruwa bai cika narkar da shi ba, shi ya sa wanki ba ya fitar da shi. Amma tsami yana jan sa a hankali: nono, tsamiya, lemo. Wanda bai narke ba ma ludayi yana kankaro shi, fura mai kauri ta ɗauke shi, cikin mutum kuma da nasa tsamin da ya fi na tsamiya. Ba shi da wari, ba ya ɗaci, wani lokaci har ɗan zaƙi yake sa wa abu. Tafasawa ba ta kashe shi, rana ba ta kashe shi, shekaru ba sa ruɓar da shi. In ya shiga, jiki yana ɗaukarsa kamar abin gina ƙashi ya kai shi ƙashi ya ɓoye, daga can yana fitowa kaɗan-kaɗan yana ɓata jini, yana ɗaure hanji, yana kwantar da jijiya.

"Alhaji, wannan ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe. Ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai a fitar da shi."

Sannan ya juyo gare ni. "Yara sun sha?"

Na zauna a ƙasa. Nana da ƙaninta sun yi ta zagaya akwatin nan suna roƙon tsamiya, ina kora su da muciya saboda sharaɗin Gwaggo. Na ce ba su sha ba. Ya ce in gode wa Allah, a jikin yaro kai yake fara taɓawa, kuma abin da ya ɓata a can ba ya dawowa. Duk da haka ya sa aka kawo su aka duba. Cikin duk abin da tsohuwar nan ta zo da shi daga Giwa Tazo, camfinta kaɗai ya yi aiki, kuma shi ya tsare mini 'ya'ya. Na rasa ko in gode mata ko in yi kuka, na yi duka biyun.

Maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari babu shi a asibitin, babu shi a garin. Likita ya rubuta sunansa a takarda ya ce sai an nemo daga nesa. A nan dole in faɗi gaskiya ko ba ta yi mini daɗi ba. Yaya Alhaji ya karɓi takardar, ya karyar da albasarsa tun kasuwa ba ta tashi ba, ya bi mota da kansa, kwana shida ya dawo da kwalaben a cikin hularsa don kada su fashe. Shi ya tsaya aka cire albasarmu, shi ya ciyar da gidana har muka dawo. Bai taɓa gori ba. Bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da bakinsa ya gaya wa masu dubiya a barandar asibiti cewa likita ya tabbatar da maganarsa: sammu ne, sai dai ta cikin akwati aka biyo da shi.

A asibiti muka yi ƙaramar Sallah. Ana sa maganin cikin ƙarin ruwa kwana biyar, a huta, a auna fitsari da jini, a sake. Ni ina kwana a tabarma ƙarƙashin gado, ina bin layin famfo da matan da suka zama 'yan'uwana na dole. Akwai wata nas mai tsawa kamar mun ci bashinta, akwai wata kuma da ke kawo wa Malam kunu daga gidanta. Zagaye na farko ciki ya saki. Na biyu ya nemi tuwo da kansa, jini ya fara dawowa fuskarsa, ya tambayi Nana. Hannun hagu ya farfaɗo a mako na huɗu. Na dama aka ɗaure shi a kan ɗan katako don kada ya ƙage a lanƙwashe, aka koya mini yadda zan riƙa miƙe yatsun ina murzawa safe da yamma.

Ran sallama na tare likita a baranda na ce ya gaya mini tsakani da Allah, hannun zai tashi?

Ya ce jijiya tana tsirowa, amma a hankali ƙwarai, kuma ba kullum take kaiwa inda ta baro ba. Da an zo tun makon da buta ta faɗi, da ya ce mini e. Ban tambaye shi game da kwana goma sha biyun tsamiya ba, shi ma bai ɗauko maganar ba. Na san ya raga mini ne.

Da muka koma gida na sa aka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya aka binne akwatin. Ashe Yaya Alhaji ya raba irinsa har huɗu. Na bi gidajen da ƙafata. Biyu suka ba ni. Ɗaya ya ce shi ruwa kawai yake zubawa, kuma mace ba za ta koya masa zaman duniya ba. Na huɗun yana Andarai, a ciki yake jiƙa wa awakinsa dusa, an ce biyu sun makance sun mutu, shi kuma yana zargin kishiyar uwarsa da maita. Na aika masa saƙo, ban san ko ya ji ba. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Duk abin da batir ya taɓa zama a ciki, kada abinci ya shiga, ko na mutum ko na dabba, ko an wanke shi sau ɗari. In mutum ya haɗa ɗaurewar ciki da murɗa da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ku ɗaga leɓensa ku duba, ku tafi asibiti, in na farko bai ɗago kai ya dube ku ba ku wuce na gaba. Masu zuwa dubiya da magani a aljihu kuwa, ku karɓi gaisuwarsu ku ba su ruwa su tafi.

Na yi wata tara ina murza hannun nan da man shanu. Babban yatsa ya fara motsi da damina, sauran suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Yau Malam yana damƙar loma ya kai baki in ya sunkuyar da kai sosai, ya koma cin abinci a ƙofar gida. Fartanya sai da hagu. Wuyan hannun dai bai tashi ba, kuma mun daina jira.

Gaisuwa ce ta ba shi wuya, har ya samo dabara. In zai miƙa wa mutum hannu, sai ya tallabo wuyan na dama da na hagu ya miƙa su tare, yadda ake gaida uba ko malami. Haka yake yi wa kowa, babba da yaro, mai unguwa da mai tallan rake, har da saurayin nan mai kemis.

Mutanen garinmu kuwa sun ga abin sun yaba. Ran Juma'ar da ta wuce ina bayan zana ina tankaɗe, na ji Yaya Alhaji a ƙofar gida yana yi wa majalisa bayani.

"Ciwo makaranta na. Ku dubi Ummaru, da can da hannu guda shika gaisawa awa kowa. Tun da yat tashi, ladabi nai ya ƙaru."

Suka ce wallahi haka ne, Alhaji. Malam yana zaune a cikinsu. Na ji ya ce, "Allah shi ƙara muna," na ci gaba da tankaɗena.